Malaman injiniya a arewacin Kamaru da ɗakin karatu na intanet

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana damuna, wato yadda mu malaman da ke koyar da aikin injiniya a arewacin Kamaru muke yin nesa da ɗakunan karatu na intanet, alhali kuwa babu wani rukunin malamai da ya kai mu bukatarsu. Ni ma ina cikin masu wannan sana'a, saboda haka ba daga nesa nake hange ba.

Makarantu dai muna da su, alhamdulillahi. Jami'ar Ngaundare ta tsaya da ƙafafunta tun 1993, kuma makarantarta ta ENSAI ta daɗe tana yaye injiniyoyin sarrafa amfanin gona da na masana'antu. An kafa Jami'ar Marwa a 2008, a 2017 kuma ta samu babbar makarantar fasaha ta Foliteknik, sannan a 2022 aka ƙara mana da Jami'ar Garwa. Abin da ya rage shi ne mu tambayi kanmu abin da malami yake riƙe da shi a hannu sa'ad da ya shiga aji, da kuma shekarar da aka rubuta shi.

Mutane da yawa, har da wasu abokan aikina, sun ɗauka cewa mujallun bincike na duniya sai jami'o'in Turai da Amurka masu kuɗi. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin kuɗin rajistar rumbu irin IEEE Xplore, wanda ke ɗauke da miliyoyin maƙalu a fannin lantarki da sadarwa da kwamfuta, ya fi ƙarfin sashe ɗaya na jami'a a wajenmu. Amma ba nan maganar ta tsaya ba. Akwai shirin Research4Life, wanda hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka haɗa gwiwa da manyan kamfanonin ɗab'i suka kafa. Ya faro da Hinari na kiwon lafiya a 2002, sai AGORA na noma a 2003, da OARE na muhalli a 2006, sannan ARDI a 2009, wanda shi ne ya fi shafar kimiyya da ƙere-ƙere. Kamaru da Chadi duk suna cikin ƙasashen da makarantunsu suka cancanci shiga kyauta, abin da ake bukata kawai shi ne makaranta ta yi rajista. Ba kowace mujalla ake samu a ciki ba, amma abin da ke ciki ya kai dubbai. Ban da wannan, akwai rumbunan da ba sa neman ko kalmar sirri, irin su arXiv da ke aiki tun 1991, da HAL na Faransa, da DOAJ mai jera mujallun da ake karantawa kyauta, da AJOL mai tattara mujallun Afirka, da kuma Espacenet inda mutum zai karanta bayanan ƙirƙire-ƙirƙire sama da miliyan 100, da zane-zanensu. Halin da muke ciki shi ne wanda Bahaushe ke cewa ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Wani zai ce ai lissafi ba ya tsufa, kuma dokokin ƙarfi da nauyi da aka koya mana su ne har gobe. Haka ne. Sai dai aikin injiniya ya wuce lissafi, domin shi ne ɗora lissafin a kan ƙasar da kake tsaye a kai da zafin da kake ciki, kuma a nan ne littattafan da muka gada suke barinmu a hanya. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Mora zuwa Kuseri ya san baƙar lakar nan ta karal da ake dasa masakwa a kanta. Da rani tana tsagewa har mutum ya iya zura hannunsa cikin tsagar, da damina kuma ta sha ruwa ta kumbura, ta ɗaga kwalta ta farfasa, ta tsaga bangon gini tun daga tushe. Irin wannan ƙasa tana da yawa a Indiya da Sudan da Ostireliya, kuma injiniyoyin can sun shafe shekaru suna gwada gauraya ta da farar ƙasa ko siminti domin kashe mata kumburin, suna rubuta yawan da ya dace da kwanakin da ya kamata a bar ta ta kama da abin da ya faru da hanyar bayan an yi damina a kanta. Mu kuwa ga Figil kusa da mu, inda ake yin siminti da farar ƙasa. Malamin da ya karanta waɗannan maƙalu zai iya tura ɗalibansa su ɗebo laka daga Waza ko Dabanga su gwada a ɗakin gwaji, su ga inda sakamakonsu ya yi daidai da na Indiya da inda ya saɓa. Wanda bai karanta ba kuwa zai ci gaba da koyar da shimfiɗa hanya kamar a kan ƙasar Faransa za a yi ta.

Haka abin yake a fannin hasken rana, wanda yanzu kowane saurayi mai ɗan sani yake neman abinci da shi a kasuwannin Marwa da Garwa. Ƙarfin da ake rubutawa a bayan faifan sola an auna shi ne a zafin digiri 25, kuma faifan silikon yana rasa kusan kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa a kan kowane digiri da ya ƙaru. A watan Afrilu, lokacin da zafin iska kansa ke haura digiri 40, faifan da ke kan rufin kwano zai iya wuce digiri 60, ga kuma ƙurar hunturu da ke kwanciya a kansa a nata lokacin. Batirin dalma shi ma zafi yana rage masa kwana ƙwarai. Na sha ganin ɗalibi ya kawo lissafin famfon sola na rijiyar burtsatse ya ɗauki lambar bayan faifai yadda take, domin takardar darasin da ya yi fotokofi ba ta gaya masa komai a kan zafi ba, alhali bayanan hasken rana da zafin garinsa suna nan kyauta a PVGIS na Tarayyar Turai da NASA POWER. Ranar da famfon ya kasa cika tanki, mutanen ƙauyen da suka yi karo-karo ne za su ɗanɗana kuɗarsu. A fannin gini ma har yanzu ƙa'idojin kankare na BAEL 91 ne suka fi yawa a takardunmu, bayan ita Faransa da ta rubuta su ta koma ƙa'idojin Turai na Eurocode 2. Babu laifi a koyar da BAEL tunda ana aiki da shi a nan, amma ɗalibi yana da haƙƙin ya san duka biyun.

Ba zan zalunci 'yan'uwana malamai ba, domin uzurinsu na gaske ne. Madatsar Lagdo, wadda aka kammala a 1982 da ƙarfin megawat 72, ita ce ƙashin bayan wutar jihohin arewa uku, kuma duk shekarar da ruwa ya ja baya kowa ya san abin da ke biyo baya. Tashoshin sola na Marwa da Gidar da aka ƙaddamar a 2023 sun kawo sauƙi, amma ba su kawar da matsalar ba. Malami yana da ɗaruruwan takardun jarrabawa da zai duba, kuma sau da yawa datar da yake sauke maƙala da ita daga aljihunsa take fitowa, ya jona kwamfuta da wayarsa cikin dare lokacin da sabis ya ɗan yi ƙarfi. An yi shelar raba wa ɗalibai kwamfutoci 500,000 a 2016, aka fara rabon a ƙarshen 2017, sai dai kwamfuta a hannun ɗalibi ba ta isa ba idan malaminsa bai taɓa aika shi neman maƙala ko ɗaya ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne cikas ɗin da ba ya bukatar ko sisi kafin a kawar da shi. A wata makaranta da na yi aiki, wadda ba zan ambaci sunanta ba, sai da na daɗe ina koyarwa kafin na ji cewa muna da rajista da ɗaya daga cikin waɗannan rumbuna. Kalmar sirrin tana rubuce a wata 'yar takarda cikin aljihun teburin wani jami'i, ba a taɓa ambatonta a taron sashe ba, shi kuma yana tsoron kada ta bazu a rufe wa makaranta hanya. Tsoronsa yana da dalili, domin an hana bai wa mutanen waje, amma ai malamai da ɗalibai su ne aka yi rajistar dominsu. Mu ma malamai muna da namu laifin, domin mun mayar da ma'aikacin ɗakin karatu mai gadin kantoci, ba ma tunanin cewa shi ne ya koyi dabarun bincike a rumbu, ya san yadda ake haɗa kalmomi a tace sakamako, ya san manhaja irin Zotero da ke tsara madogara kyauta. Girman kai yana hana mai digirin digirgir zama gaban wanda yake gani bai kai shi ba ya ce koya mini, kuma wannan girman kan ɗalibanmu ne suke biyan kuɗinsa.

Sai batun harshe. Yawancinmu da Faransanci muka yi karatu, mafi yawan sabon bincike a aikin injiniya kuwa da Ingilishi yake fitowa. Tunda ƙasarmu ta ɗauki harsunan biyu a matsayin na hukuma, bai kamata wannan ya zama katanga ba, kuma Ingilishin maƙalar injiniya, wanda rabinsa lissafi ne da zane, yana da sauƙin sabo ga wanda ya dage.

Akwai kuma wata illa da ta shigo ta wannan ƙofa, wadda ya wajaba a faɗa. Da yake ƙarin girma a jami'a ya dogara ga wallafa maƙalu, wasu malamai ba sa tunawa da intanet sai lokacin haɗa takardun neman matsayi ya gabato, kuma a nan ne mujallun bogi suke kama su, waɗanda ke aiko da saƙon yabo ta imel, su karɓi kuɗi, su buga maƙala cikin 'yan kwanaki ba tare da wani masani ya duba ta ba. Mutumin da ya saba karanta mujallu na ƙwarai yana gane irin waɗannan da kallo ɗaya. Wanda bai saba ba shi ne yake asarar kuɗinsa da mutuncinsa, ya kuma koya wa ɗalibansa cewa haka ake yi.

Mu kanmu ba mu zuba komai a rumbun ba, sai kaɗan. Kowace shekara ɗalibanmu suna rubuta kundin kammala karatu a kan busar da albasa, da tubalin ƙasa, da ambaliyar kogin Logon irin wadda ta auka wa Yagwa a 2024, da ingancin ruwan rijiyoyi, sannan a ɗaure kundin a jera a kan kantoci, ƙura da gara su gama da shi. Bayan shekara biyu wani ɗalibi ya sake yin aikin daga farko, domin bai san an yi ba, shi ma malamin da ke Injamena ko Abeshe a Chadi, wanda ƙasarsa da zafinsa irin namu ne, ba shi da hanyar gani. Manhajar DSpace da jami'o'i da yawa ke ajiye irin waɗannan ayyuka da ita kyauta ce.

Roƙona ga shugabannin sassa shi ne, a farkon kowace shekarar karatu su gayyaci ma'aikacin ɗakin karatu zuwa taron sashe, ya zo da kwamfutarsa ya nuna wa kowane malami yadda zai shiga da abin da makaranta ta yi wa rajista, kuma a nemi kowane malami ya sa aƙalla maƙala biyu ko uku na shekarun baya-bayan nan a tsarin darasinsa, waɗanda ɗalibai za su nemo da kansu su tattauna a aji. Ga shugabannin jami'o'in Ngaundare da Marwa da Garwa kuma, ina roƙon su haɗa kai wajen neman rajistar rumbunan da ake biya, tunda abin da ya gagari ɗaya zai iya yiwuwa ga uku, su kuma ware ɗaki ɗaya a kowace makarantar injiniya mai sola da batir da intanet mai ƙarfi, wanda zai kasance a buɗe har dare. Haɗa solar wannan ɗaki ma aiki ne da ɗaliban ajin ƙarshe za su iya yi a ƙarƙashin kulawar malamansu, a ba su maki a kansa.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani malamin injiniya,
Marwa, Jihar Arewa Mai Nisa, Kamaru.