Rahoton kwamitin gini kan ajujuwan makarantar unguwa

Assalamu alaikum. Iyayenmu, yayyenmu da duk wanda ya sa ko naira ɗaya a wannan aiki, tambayar da ake ta yi a ƙofar masallaci da zauren mai unguwa ta iso gare mu: ina kuɗin tallafi suka shiga, kuma me ya sa aka yi alkawarin aji uku amma biyu aka gama? Kuna da haƙƙin tambaya, ga amsa.

Bayan damina ta kayar da bangon tsohon aji, taron iyaye ya yanke shawarar a nemi tallafi daga wata gidauniya mai taimaka wa yaran unguwannin marasa ƙarfi a birane. Sai da muka yi wa ƙungiyarmu rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da sunayen amintattu, muka karɓi takardar SCUML, sashen gwamnati mai sa ido kan halasta kuɗin haram, muka buɗe asusun banki da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum uku. Gidauniyar ba ta ba da tallafi ga ƙungiyar da ba ta da waɗannan. Kuɗin da aka fara tarawa nan suka tafi.

Inda aka samu matsala shi ne tsakanin ranar da muka miƙa takarda da ranar da kuɗi suka faɗo. Mun yi ƙiyasinmu a ƙarshen 2023, lokacin buhun siminti yana tsakanin naira 5,000 da 6,000. Kafin kaso na farko ya shigo, a watan Fabrairun 2024, buhu ya haura naira 10,000 a wurare da yawa, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da masu kamfanonin siminti. Rodi a kasuwar kayan gini ta Ƙofar Ruwa ya bi sahu, tifar yashi ma haka, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin dako bai sake sauka ba. Gidauniya kuwa abin da ke rubuce a takarda shi take biya. Mun rubuta musu, mun haɗa da rasit, suka amsa da mutunci cewa ba su da hurumin ƙarawa a tsakiyar shekara. Laifinmu a nan, kuma mun ɗauka, shi ne ba mu ware wani kaso domin tashin farashi ba tun farko.

Wasu sun ce ai da an bar banɗakuna an ƙarasa aji na uku. Wannan magana ta fi kowace yi mana zafi, domin ta sa ana kallonmu kamar mun fifita abin da bai kai ba. Ku sani, kuɗin tallafi ba kamar na adashi ba ne da za ka karɓa ka yi yadda ka ga dama. Kowane layi da abin da aka ware masa. Wanda ya ɗauki kuɗin banɗaki ya sayi kwano da shi ya saɓa yarjejeniya, kaso na biyu ba zai zo ba, kuma ƙofa ta rufu ga makarantar nan gaba. Ko da babu wannan sharaɗi ma, da haka za mu zaɓa. Malaman mata sun faɗa mana tun da daɗewa cewa 'yan mata da suka fara girma sukan tafi gida da tara su ƙi dawowa, saboda masai ɗaya ne kowa ke shiga, buhu ne labulensa. Yanzu nasu daban, da ƙofar ƙarfe da sakata a ciki, da tankin ruwa a gefe.

Harsashin da aka ɗaga da layin bulo uku shi ma ya ci siminti. Duk wanda ya san layin nan a watan Agusta ya san inda ruwa ke kwanciya.

Duk rasit suna hannun ma'aji, kwafin lissafi kuma yana manne a allon ofishin shugaban makaranta. Wanda ba ya karatu ya zo, za a karanta masa layi-layi.

Godiya ta musamman ga Alhajin da ya ba da filin da ke bayan gidansa kyauta, ya kuma hana mu ambaci sunansa. Allah ya gina masa gida a Aljanna. Ga babban maginimmu, wanda ya yafe kuɗin aikinsa na mako biyu da abubuwa suka tsuke. Ga iyayenmu mata da suka yi ta aiko da ruwa da kunu ga leburori, da matasan da suka sauke bulo da dare ba tare da karɓar sisi ba. Baba mai unguwa da Malam liman, Allah ya ƙara girma.

Aji na uku yana nan tsaye har linta, babu rufi. Yaran da ya kamata su zauna cikinsa suna ƙarƙashin dalbejiya a kan tabarma, allonsu jingine da bango. In damina ta same shi a haka, bulon zai sha ruwa, abin da aka kashe ya lalace. Katako ake buƙata, da kwano da ƙusa, sai ƙofa ɗaya da tagogi. Mai bandir ɗin kwano ya kawo, mai falle ɗaya ya kawo. Kafintocin unguwa sun ce in kaya suka haɗu, kwana uku ya ishe su. Ma'aji yana makaranta kullum bayan La'asar da littafin rasit a hannu.