Wasiƙa zuwa ga aminina kan ciwon suga da lafiyar ido

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka da yara baki ɗaya. Wasiƙarka ta iso tun watan jiya, kuma na ga ƙorafin da ka yi cewa na yi shiru kamar malam ya ci shirwa. Gaskiyarka ce, ina neman afuwa. Sai dai layi biyun da ka saka a ƙarshe, inda ka ce ganinka ya fara yin dishi-dishi har kana shirin canza tabarau, su ne suka sa na ajiye komai a daren nan na zauna rubuto maka, domin sun taɓo ainihin abin da ya ɗauke mini hankali a watannin da ba ka ji ɗuriyata ba.

Ka san abin da ya sami Malam bara, ko da yake ina jin ba a ba ka labarin dalla-dalla ba. Ya fi shekara goma yana fama da ciwon suga, yana shan magani, yana zuwa asibiti idan jiki ya matsa, amma a duk tsawon shekarun nan babu wanda ya taɓa ce masa ya je a duba cikin idonsa, shi kuma bai ga dalili ba tunda har ƙananan rubutun da ni da kai muke ƙanƙance ido kafin mu karanta, shi yana karanta su ba wahala. Wata safiya ya tashi ya ga wasu baƙaƙen zare suna yawo a gabansa kamar saƙar gizo-gizo. Ya wanke fuska, ya murza ido, suna nan daram. Kafin kwana uku idon hagu ya rufe da wani duhu mai ja-ja. Ni na raka shi wurin likitan ido, kuma a nan na ga abin da har yau bai bar raina ba. Likitan ya ɗauki hoton idon dama, wanda muke ɗauka lafiyayye ne, ya juyo mana da allon kwamfutarsa. Wani da'ira ne mai launin ja da ruwan lemo, jijiyoyin jini sun barbazu a cikinsa kamar saiwoyin bishiya, a tsakaninsu kuma ga ɗigo-ɗigon jini da wasu tabo masu launin rawaya, ga wasu siraran jijiyoyi da suka cukurkuɗe wuri guda. Ya ce wannan ɓarnar ta shekaru ce. Idon hagu ya daɗe da lalacewa fiye da haka, na dama ne yake rufa masa asiri.

Bayanin da ya yi mana shi ne nake maimaita wa mutane yanzu kusan kowane mako. A can bayan ido akwai wani tantani mai laushi da likitoci ke kira retina, shi ne ke karɓar haske ya aika wa ƙwaƙwalwa. Jijiyoyin da ke shayar da shi ƙanana ne ƙwarai, kuma idan suga ya daɗe yana sama a cikin jini, bangonsu yana yin rauni, su kumbura, su fara yoyon ruwa da jini, wasu kuma su toshe gaba ɗaya. Idan yoyon ya taru a tsakiyar tantanin, inda mutum ke amfani da shi wajen karatu da gane fuska, sai gani ya dusashe. Inda jini ya daina kaiwa kuma, ido yana ƙoƙarin taimakon kansa ta hanyar tsiro da sababbin jijiyoyi, amma ba su da ƙwari, su ne ke fashewa su zubar da jini cikin ido, daga baya tabonsu ya janye tantanin daga mazauninsa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne duk wannan yana iya tafiya shekaru ba ciwo, ba ja, ba hawaye, ba ƙaiƙayi. An yi wa Malam aiki a idon hagu, amma abin da ya dawo bai wuce bambance haske da duhu ba. Na dama an yi masa aikin leza, wato ƙona wuraren da suka lalace da wani haske mai ƙarfi, kuma da shi yake karatu yanzu, alhamdulillahi.

Bayan mun dawo na kasa sukuni. Na je na sami ƙanwarka, tunda ita ce ma'aikaciyar jinya a cikinmu, na tambaye ta ko akwai abin da wanda bai karanci aikin lafiya ba zai iya yi. Ta ce akwai, matuƙar zai san iyakarsa. Daga nan muka haɗu mu kaɗan, duk masu aikin sa-kai, babu mai karɓar ko sisi, ta zaunar da mu ta koya mana yadda ake gwajin suga da auna hawan jini, kuma duk ranar da za mu fita tana tare da mu. Kayan aikinmu ba su wuce tebur biyu da kujeru, da na'urar auna suga, da tsinkayen gwaji, da safar hannu, da auduga, da akwatin zuba allurar da aka yi amfani da ita, da wani babban littafi ba. Ta kafa mana dokoki da ba ta ɗaga ƙafa a kansu. Allura ɗaya mutum ɗaya. A duba ranar lalacewar tsinke kafin a buɗe kwalba. A huda gefen yatsa, domin ya fi tsakiya sauƙin zafi. Mutum ya wanke hannu ya bushe tukuna, saboda ɗan zaƙin da ya maƙale a yatsa yana iya sa na'ura ta nuna adadi mai tsoratarwa a banza. Mun ga haka da idonmu a fitarmu ta biyu, inda wata baiwar Allah ta fashe da kuka da ta ga lambarta, aka sa ta wanke hannu aka sake, sai ga shi komai daidai.

Babbar dokar kuwa ita ce kada ɗayanmu ya kuskura ya ce wa mutum yana da ciwon suga. Mu dai masu nuna hanya ne. Idan wanda ya yi aƙalla awa 8 bai ci komai ba ya nuna 126 ko sama, wato 7.0 a ɗaya ma'aunin, ko kuwa wanda ya ci abinci ya nuna 200, wato 11.1, muna rubuta masa takarda ya je asibiti a tabbatar. A can akan sake gwajin, ko a yi wanda ake kira HbA1c, mai nuna yadda suga ya kasance a jini cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce, wanda idan ya kai kashi 6.5 ake ɗaukar ciwon ya tabbata.

Da na fara karance-karance a kan lamarin na gane girmansa ya wuce yadda nake zato. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ciwon suga sun tashi daga miliyan 200 a shekarar 1990 zuwa miliyan 830 a 2022, wasu ƙididdiga kuma sun nuna kusan rabin manyan da ke ɗauke da shi ba su ma san suna da shi ba. Ciwon yana da manyan nau'i biyu, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari nau'i na biyu ne, wanda yake shigowa a hankali, har mutum ya yi shekaru yana ɗora yawan ƙishirwa da yawan fitsarin dare da gajiya a kan zafi ko girma ko wahalar aiki. Wannan ne dalilin da ya sa likitoci suke cewa mai nau'i na biyu a duba idonsa tun ranar da aka gano ciwon, domin ba a san tun yaushe yake tare da shi ba, sannan a ci gaba da dubawa duk shekara. Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa kuma shi ne labarin Ingila, inda aka fara shirin ɗaukar hoton idon masu ciwon suga a faɗin ƙasa a 2003. Kafin a cika shekara goma, wannan ciwon ido ya sauka daga matsayin da ya daɗe a kai na babban sanadin makanta a tsakanin masu shekarun aiki a can. Ba su sami wani sabon magani na ban mamaki ba, kiran mutane kawai suke yi a kan kari su duba su tun suna gani garau.

To, ga inda damuwata take, kuma da kai kaɗai zan iya buɗe cikina haka. Huda yatsa abu ne mai sauƙi, kuma mutane suna son sa, har layi suke yi. Amma da na zauna da littafinmu bayan wata biyu na fara bin sunayen waɗanda muka tura asibiti ɗaya bayan ɗaya ta waya, sai jikina ya yi sanyi. Da yawa ba su je ba. Wani ya ce ai lafiyarsa lau. Wani ya je ya tarar da layi mai tsawo, aka ba shi wata ranar, bai koma ba. Wata ta ce tsoro take ji kada a ce za a taɓa mata ido. Wani dattijo kuma, wanda ya san yana da ciwon tun da daɗewa, ya ajiye maganin asibiti ya koma shan wani haɗi da aka tallata masa cewa yana warkar da suga ɗungurungum. Na kwana ina tunanin cewa idan haka za a tafi, to mun tsorata mutane ne kawai mun sallame su, kuma a ganina wannan ya fi rashin gwajin muni. Saboda haka muka sake tsari. Mun rage yawan waɗanda muke gwadawa a rana domin a sami lokacin zama da kowa, kuma kowane ɗan sa-kai yana da sunayen da zai bi har ya ga takardar likitan ido da idonsa. Wanda ke jin tsoro, ɗayanmu yana raka shi. Malam da kansa yakan zo ya zauna a gefe, kuma idan ya rufe idon dama da tafin hannu ya ce wa mutane, "Yanzu ba na ganin kowa a cikinku," wurin yakan yi tsit, maganarsa tana shiga inda tamu ba ta kaiwa.

Muna kuma nanata musu cewa ido ba shi kaɗai yake tafiya ba. Hawan jini yana ƙara wa waɗannan jijiyoyi rauni, haka ma taba sigari, kuma irin ɓarnar da ake gani a ido tana faruwa a ƙoda da jijiyoyin ƙafa. Ciwon yana sa yanar ido ta zo da wuri. Mace mai ciwon suga idan ta sami juna biyu tana bukatar a duba idonta tun farkon cikin, domin lalurar tana iya yin sauri a lokacin. Wani babban bincike da aka fitar a 1993 a kan masu nau'i na ɗaya ya nuna cewa riƙe suga da kyau ya rage haɗarin kamuwa da wannan ciwon ido da kashi 76 cikin ɗari. Wanda kuma abin ya riga ya fara taɓawa, akwai leza, akwai allurar da ake yi a cikin ido don tsayar da yoyo da kumburi, akwai tiyata, kuma dukansu sun fi amfani idan an zo da wuri.

Za ka yi mamaki idan na gaya maka wanda ya fi kowa himma a cikinmu yanzu. Mutuminka ne mai gardamar nan. Ya zo ranar farko don ya tabbatar mana cewa ɓata lokaci muke yi, ya miƙa yatsa yana surutu, lambar da ta fito ta sa ya yi shiru. Asibiti sun tabbatar, an duba idonsa an ga ɓarnar ba ta yi nisa ba, kuma yau shi ne yake kiran mutane a waya har sai sun gaji sun tafi. Shi ne ma ya kawo shawarar mu yi babbar fita ranar 14 ga Nuwamba, Ranar Ciwon Suga ta Duniya, wadda aka ɗora a kan ranar haihuwar Frederick Banting, ɗaya daga cikin waɗanda suka gano insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, a Toronto a 1921. Burinmu shi ne mu sami likitan ido da zai zo da ƙaramar kyamarar ɗaukar hoton bayan ido, irin wadda ake riƙewa a hannu, domin a yi gwajin jini da duba ido a zama ɗaya. Idan a cikin abokan aikinka akwai wanda ya san hanyar aron irinta, don Allah ka haɗa mu.

Yanzu bari in dawo kanka. Aminina, Hajiya, Allah ya jiƙanta, da wannan ciwon ta rayu, kuma ka san yana bin jini. Ka haura arba'in, aikinka na zama ne, kuma hoton da ka turo ya nuna mini cewa mai ɗakinka tana kula da kai sosai. Wataƙila dishi-dishin nan na shekaru ne kawai, ina kuma roƙon Allah ya sa haka ne. Amma kada ka sayi tabarau tukuna, domin suga idan ya hau yana canza yadda ido ke daidaita gani, har mutum ya auna tabarau yau, bayan 'yan makonni da sugan ya sauka su daina yi masa amfani. Ka fara zuwa a gwada jininka da safe kafin ka karya, a auna hawan jini, sannan ka ga likitan ido ka gaya masa tarihin gidanku, ka nemi a ɗiga maka maganin buɗe ƙwayar ido a leƙa har baya. Karanta haruffa a jikin bango kaɗai ba zai nuna abin da nake tsoro ba. Maganin yana sa gani ya yi hazo na wasu awoyi kuma haske ya dame ka, don haka ka tafi da wanda zai tuƙo ka gida.

Na gaya wa ƙanwarka abin da ka rubuta, ka yafe mini, kuma ta ce za ta kira ka a ƙarshen mako. Ina jiran ka turo mini lambar da gwajin ya nuna da abin da likitan ido ya ce. Malam yana gaishe ka, ya kuma tambaye ni yaushe za ka zo. Ka gaida mini mai ɗakinka, ka shafa mini kan yara.

Wassalam,
Naka amini har kullum.