03/04 a kan inbois: Maris ne ko Afrilu?

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwa akantoci da masu shigo da kaya daga waje, musamman waɗanda yanzu suka sakar wa manhaja aikin karanta inbois, wato takardar neman biyan kuɗin kaya, tana kwasar bayanai tana zubawa a Excel da kanta.

Maganar kwanan wata ce ke ci min tuwo a ƙwarya. Ka ɗauki 03/04/2024, mutumin Ingila ko Faransa zai ce maka 3 ga Afrilu ne, Ba'amurke kuma ya rantse 4 ga Maris ne don su da wata suke farawa, su kuwa China da Japan da Koriya daga shekara suke gangarowa. In kuma shekarar lamba biyu aka sa, kamar 03/04/05, toh sai dai addu'a.

Ni wallahi ranar da kwamfuta ta ƙi karɓa ba ta ba ni tsoro. 25/04 ai babu wata na 25, Excel ɗin da aka saita a tsarin Amurka zai bar ta a matsayin rubutu kawai, ka gan ta maƙale a hagun akwati alhali 'yan uwanta na dama, nan take ka san da matsala. Mai cutarwar ita ce wadda ta shige lafiya lau ba ko tari, duk ranar da ba ta wuce 12 ba, za a iya juya ta ta zama wata rana mai kama da gaskiya, kuma in ka cire irin su 05/05 da duk yadda aka juya ɗaya ne, kwana 132 kenan a shekara da za su iya rikiɗa ba wanda ya lura.

Kuma ba ƙaramin abu ba ne fa. Inbois ɗin 3 ga Afrilu mai wa'adin biya kwana 30, in aka karanta shi 4 ga Maris, ranar da aka rubuta shi ranar wa'adinsa ya cika. 01/12 kuma daga Disamba ya faɗo Janairu, lissafin rufe shekara ya hargitse, farashin canjin da aka ɗauko ma na wata rana ne daban. Ban ma taɓo na Tailan ba da shekararsu ke gaban ta miladiyya da 543, su 2024 ita ce 2567, ko takardun Japan masu rubuta 2024 a matsayin Reiwa 6 don sun fara sabon ƙirge a 2019, ko na Saudiyya da wani lokaci ke zuwa da hijiriyya.

Shawarata dai a daina barin manhaja tana canki-canka a kan kowace takarda. Kowane kamfani da kuke hulɗa da shi a tabbatar da tsarinsa sau ɗaya a rubuta a ajiye, a duba tsofaffin takardunsa a nemo rana mai lamba sama da 12, ita za ta tona asiri. Kar a dogara da adireshi ko kuɗin da aka caja, dala ai kowa na caja da ita, kuma akwai kamfanin da ke Turai amma manhajarsa ta Amurka ce. In an canza ranar a bar asalin yadda aka rubuta ta a layin gefe don gobe, sannan a adana komai da tsarin ISO 8601 da ya fito tun 1988, shekara, wata, rana, wato 2024-04-03, shi ko jerawa za ka yi yana bin kansa daidai.

Wadda kuma ta ƙi warwaruwa, manhaja ta tsayar da ita mutum ya duba, a tura wa mai kaya saƙo ya rubuto sunan watan da haruffa kafin a fitar da ko sisi.

Naku,
wani mai karatu.