A Zargi Wu Zetian da Laifin da Ta Aikata

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta maƙalar da kuka buga kan matan da suka riƙe sarauta a duniya, na kuma ji daɗin ganin sunan Wu Zetian ta ƙasar Sin a ciki, don ba kasafai ake kawo ta a jaridunmu ba. Sai dai marubucin ya gama da ita a layi uku: wai kwarkwara ce da ta shaƙe jaririyarta don ta kori uwargida, ta haye gadon sarauta. Na yi shekaru ina koyar da tarihi a makarantar 'yan mata kafin in ajiye alli, kuma raina bai bar ni in yi shiru ba.

An haife ta a 624. Mahaifinta ɗan kasuwar katako ne da ya mara wa wanda ya kafa daular Tang baya, ya samu muƙami. Tana da kamar shekara 14 aka kai ta fadar Sarki Taizong cikin ƙananan kwarkwarori. Da ya rasu a 649, aka aske mata kai aka kai ta gidan ibadar mabiya Buddha, kamar yadda ake yi wa waɗanda ba su haifa wa sarki ba. Ɗansa Gaozong ya dawo da ita fada, a 655 ya sauke uwargidansa Wang ya naɗa ta.

A nan zancen jaririyar ya shigo. Yarinyar ta mutu, wannan haka ne. Amma labarin da ake bayarwa dalla-dalla, cewa Wu ta bari kishiya ta shigo ta yi wa jaririyar wasa ta fita, sannan ta shaƙe ta ta lulluɓe, sai a littattafan da aka rubuta kimanin shekara 400 bayan faruwar abin ya fito da wannan tsari. Wa ya leƙa ɗakin? Ga kuma abin da nake nuna wa ɗalibaina. A 684 aka yi mata tawaye, wani mawaƙi mai kaifin alƙalami, Luo Binwang, ya rubuta wa 'yan tawayen takardar tonon silili. Babu abin da bai jibga mata ba, har da kashe 'yan'uwanta da sa wa uwa guba. Bai ambaci jaririyar ba. Maƙiyin da ke neman abin faɗa ido rufe zai tsallake irin wannan? An ce da aka karanta mata takardar sai ta tambayi wanda ya rubuta, ta ce laifin waziranta ne da suka bar mai irin wannan baiwa yana yawo ba aiki.

Kada a ɗauka wanke ta na zo yi. Hannunta da jini, kuma ba sai an ƙaga mata ba. Bayan Gaozong ya rasu a 683, ɗanta na cikinta ta tsige daga sarauta bai yi wata biyu a kai ba, ta ɗora ƙanensa ta riƙe shi kamar ɗan tsana. A 686 ta sa aka ƙera wani akwatin tagulla mai kafofi huɗu na jefa takardu aka ajiye a fada: ɗaya ta masu neman aiki, ɗaya ta masu sukar gwamnati, ɗaya ta wanda aka zalunta, ɗaya ta asirai da makirci. A baki abin sha'awa ne, talaka ya samu hanyar kai kuka. A aikace ya zama kasuwar 'yan tsegumi. Wanda ya ce yana da rahoto ana ba shi dokin gwamnati da abinci har babban birni, in ƙarya ya shara ba a hukunta shi. Shi kansa wanda ya tsara akwatin, ta cikinsa aka kai ƙararsa aka kashe shi.

Akwai labarin da 'yan ajina ba sa mantawa. Manyan masu azabtar da mutane a madadinta su biyu ne, Zhou Xing da Lai Junchen. Aka kai ƙarar Zhou, aka ba Lai binciken a asirce. Suna cin abinci Lai ya tambaye shi yadda ake sa mai taurin kai ya amsa laifi. Zhou ya ce ai da sauƙi, a samu babbar randa a kewaye ta da garwashi a sa mutum ciki. Lai ya sa aka kawo randa aka hura wuta, ya ce masa to bismillah, shiga. Nan take Zhou ya amsa laifi. Har yau Sinawa na karin magana da wannan, mu kuwa mun ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Shi ma Lai an kashe shi a 697. Gidajen sarauta da na manyan ma'aikata da yawa sun ƙare a waɗannan shekaru. Wannan shi ne laifin da ya kamata marubucinku ya kama, ga shi a fili.

Kuma in za a auna, a auna da mudu ɗaya. Taizong, mijinta na farko, a 626 ya harbe yayansa da kibiya a ƙofar fada, mutanensa suka kashe ƙanensa, aka bi 'ya'yansu maza aka gama da su, mahaifinsu ya sauka ya ba shi gado. Yau shi ne abin misali cikin sarakunan Sin, ana cewa a dubi aikinsa. To ita ma a dubi nata. A 690 ta ɗauki sunan sarki da kanta, ta kafa daular Zhou a Luoyang, mace ɗaya tilo da ta taɓa yin haka a tarihin ƙasar. Ta faɗaɗa ɗaukar ma'aikata ta hanyar jarrabawa, ta rage wa 'yan gado ƙarfi, a 702 ta ƙirƙiro jarrabawar sojoji. Ta sa a yi wa uwa makokin shekara uku ko da uba na raye, a da shekara ɗaya ake yi mata. Jikar mutumin da ta sa aka kashe, Shangguan Wan'er, ita ta zama mai rubuta mata dokoki. Kuma tana jin magana in ta ga gaskiya: da ta yi tunanin bar wa ɗan ɗan'uwanta gado, wazirinta Di Renjie ya ce mata ba a taɓa jin sarkin da ya sa gwaggonsa cikin kakannin da ake girmamawa a ɗakin ibadar gidan sarauta ba. Ta aika aka dawo da ɗan nan da ta tsige.

A 705, tana kwance ba lafiya ta haura shekara 80, fadawa suka yi mata juyin mulki, ta rasu a ƙarshen shekarar. An binne ta tare da Gaozong a Qianling, kusa da Xi'an ta yau. Dutsen da aka kafa wa mijin cike yake da yabo. Nata an kafa shi ba a rubuta ko harafi ɗaya ba, sai daga baya masu ziyara suka riƙa sassaƙa nasu a jiki.

Ina roƙonku, in za ku sake waiwayar waɗannan mata, ku ba ta shafi guda ita kaɗai, a kawo zancen akwatin da randar a ciki.

Na gode.

Tsohuwar malamar tarihi,
Tudun Wada, Zariya