Waɗanda ke raya dashen fa, ina muryarsu?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na daren Lahadi tun daga sallama har zuwa rufewa, kuma na tashi da ɓacin rai, domin an kwashe tsawon lokacin ana lissafa miliyoyin itatuwan da aka dasa ba tare da an ba mutum ko ɗaya daga cikin masu raya su damar buɗe baki ba. Baƙonku ya yi bayanin babbar ganuwar itatuwan da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, ya ambaci jihohi 11 na arewacin Najeriya da aikin ya shafa, amma mai gabatarwa bai tambaye shi dashe nawa ne ya kai damina ta biyu da rai ba, balle ya tambayi wanda ya shayar da shi a cikin bazara.

Ni tsohon malamin daji ne, a wannan aiki na yi furfura, saboda haka abin da na gani da idona nake faɗa. Itacen da babban mutum ke dasawa a gaban kyamara a watan Yuli, tun cikin Fabrairu wani lebura ya fara wahalarsa a wurin reno. Shi ne ya tankaɗe ƙasa ya gauraya ta da yashi da ruɓaɓɓen taki, ya cika ledoji har yatsunsa suka tsattsage, ya jiƙa irin gawo da bagaruwa a ruwan zafi domin ɓawonsu ya yi taushi, sannan ya yi ta ban ruwa safe da yamma yana ɗaga ledojin lokaci-lokaci don kada saiwa ta kama ƙasa. Bayan an watse daga biki kuma, shi ake bari da gara da awaki, yana saran ƙaya yana kewaye kowane dashe. Na taɓa kula da wani aiki inda irin waɗannan bayin Allah, mafi yawansu mata da dattawa, suka yi wata da watanni ba su ga ko sisi ba, kuma ni ne nake tsayawa a gabansu kowace safiya ina ba su haƙuri da bakin da ba shi da abin cewa. Da suka gaji suka daina zuwa, dashen ya bushe a tsaye, amma adadinsa yana nan a rubuce cikin rahoto kamar yana raye.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda aka tsallake batun gobarar daji da jimla guda, wai jama'a su daina cinna wuta. Malam Edita, wa'azi ba ya tare wuta. Abin da ke tare ta shi ne mutanen da ke fita da fartanya da adda da zarar ruwa ya ɗauke, tun ciyawa ba ta gama bushewa ba, su share faffaɗan fili kewaye da gandu yadda idan wuta ta iso ba za ta sami abin ci ba. A wasu wurare sukan yi ƙuna da gangan da sanyin safiya, kafin iskar hunturu ta taso, kuma wannan ilimi ne da ake koya a wurin na gaba, domin wanda bai san kan iska ba shi zai ƙone gandun da hannunsa. Ranar da masu farautar gafiya ko masu ɗiban zuma suka bar wuta a baya, waɗannan mutane ne ke tarar ta da ɗanyen ganye, ba takalmin kirki, ba motar ruwa. Yawancin waɗanda suka iya aikin sun tsufa ko sun rasu, kuma ban ga ana ɗaukar matasa a madadinsu ba, alhali akwai kwalejin koyon aikin gandun daji a Jos da kuma ta Afaka a Kaduna, waɗanda ɗalibansu ke gamawa su koma tuƙa babur.

Da wakilinku ya leƙa Maraɗi ko Damagaram, da ya sami waɗanda ya kamata a miƙa wa makirufo. Tun wajen 1983 manoman can, tare da wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, suka rungumi dabarar barin tohon kututture a gona, su zaɓi rassa masu ƙarfi su sassabe sauran, kuma an ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Manomi da matarsa da wuƙa ne suka yi wannan, bayan sun sami tabbacin cewa itacen da suka raya amfaninsa nasu ne. Haka ma Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, wanda aka karrama tare da Rinaudo a 2018, manomi ne da ya raya daji da ramuka da taki.

Ina roƙon ku sake shirin, ku je wurin reno da asuba ku naɗi muryar mai ban ruwa, ku tambaye shi nawa ake biyansa da ranar da aka biya shi na ƙarshe. Sannan don Allah ku rage tallan maganin gargajiya da kuke cusawa a tsakiyar hira, domin a daren nan an katse baƙon yana tsakiyar magana, da aka dawo kuma mai gabatarwa ya manta tambayar da ya yi.

Naku,
Tsohon malamin daji, daga Jihar Jigawa