A nuna mana fim ɗin Chaplin cikakke

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi kira ga gidajen talabijin ɗinmu game da wani tsohon fim da yaranmu ba su sani ba sai a gutsure. Ina nufin The Kid, wanda Charlie Chaplin ya fitar a Amurka a 1921, zamanin da fim bai fara magana ba.

Abin da ke yawo a wayoyi shi ne wurin fasa taga: yaro ya jefi gilashi da dutse ya ranta a na kare, sai ga Chaplin ya ɓullo goye da sabon gilashi kamar hanya ce ta biyo da shi, matar gida ta kira shi gyara. Masu ɗorawa sun ƙara masa gudu, sun liƙa masa dariyar inji, wani ma ya zuba surutunsa a kai. Wanda ya ga wannan kaɗai zai ɗauka labarin 'yan damfara ne. Bai san cewa uwar yaron ce ta ajiye shi yana jariri a motar masu kuɗi, ɓarayi suka sace motar, suka yar da shi a lungu, Chaplin da ya fito a fakiri ya tsince shi ba.

A ɗakinsu na saman bene ne fim ɗin ya fi kama ni. Chaplin ya rataye butar kofi ya mai da ita abin shayar da jariri. Bayan shekara 5, yaron ne ke tashi ya soya fanke, ya tada uban riƙonsa, shi kuma ya zura kai ta hudar bargo, bargon ya zama riga. Da suka zauna ci, sai ya tsaya yana ƙirga fanken don kada kason ɗaya ya fi na ɗaya. Kana dariya, kana kuma ganin yadda mutumin da bai mallaki komai ba yake riƙon amana.

Sannan yaro ya kwanta ciwo, likita ya kai rahoto, ma'aikatan gidan marayu suka zo suka jefa shi bayan mota. Yana miƙa hannu yana kuka, Chaplin kuma na gudu ta kan rufin gidaje har ya diro cikin motar ya rungume shi. Wallahi duk wanda ya ɗora murya a wannan wurin ya ɓata shi.

Chaplin ya san abin da yake nunawa. A Landan aka haife shi a 1889, yana ɗan shekara 7 talauci ya kai shi gidan gajiyayyu, mahaifiyarsa kuma ta yi fama da taɓin hankali. Ɗansa na fari ya rasu kwana 3 da haihuwa a Yulin 1919, jim kaɗan kafin ya fara ɗaukar wannan fim.

Shi kuwa yaron fim ɗin, Jackie Coogan, ya tara dukiya tun yana ƙarami, da ya girma ya tarar mahaifiyarsa da mijinta sun cinye mafi yawanta. Ya kai su kotu a 1938, a 1939 jihar Kalifoniya ta yi dokar kare kuɗin yara 'yan fim. Ya kamata masu sa yara a fina-finanmu na Kannywood su san wannan labari.

Roƙona shi ne a samu tashar da za ta nuna shi daga farko har ƙarshe, duka-duka wajen awa ɗaya ne. Fassarar baki da ake yi wa fina-finan Indiya tana da amfaninta, amma a nan babu maganar da za a fassara, sai 'yan allunan rubutu da ke fitowa jefi-jefi. A mayar da su Hausa, a bar kiɗan, a bar gudun fim ɗin yadda yake. Da haka 'yan uwanmu kurame ma za su zauna da kowa su bi labarin ba tare da sun nemi mai yi musu bayani ba. In so samu ne a sa shi ranar Asabar da yamma, lokacin da yara suke gida.

Na gode.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Zariya