A ceto tsofaffin wasanninmu na talbijin tun kaset ɗinsu bai mutu ba

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a, da fatan kuna lafiya. Don Allah a ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci mun tuwo a ƙwarya.

Kwanakin baya Baba, wato mahaifina, wanda yanzu ciwon ƙafa ya hana shi fita sai dai daga ɗaki zuwa zaure, ya ce mun shi fa yana marmarin ya sake ganin Samanja, irin wanda suke kallo da a talbijin mai baƙi da fari, yara cike da tsakar gida har da na maƙwabta. Na ce ai wannan mai sauƙi ne Baba, tunda yanzu komi yana waya. Na tafi wajen masu tura finafinai a kasuwa, na zaga shago ya kai biyar kafin wani yaro ya ce yana da guda biyu, ya tura mun, na dawo gida da murnata. Wallahi Malam Edita da muka kunna sai da jikina ya yi sanyi, hoton duk ya dushe kaman ana kallo ta cikin hazo, murya tana gaba baki yana baya, wani ya manna lambar wayarsa ƙatuwa a tsakiyar allon, kuma ana cikin wasan daidai inda rigima ta yi daɗi sai kawai ya yanke. Baba ya yi shiru can ya ce to Allah ya jiƙan maza. Tun ranar abun bai bar raina ba.

Abun da ya ƙara tsaya mun shi ne wani labari da ya faru a Jos, nan ƙasarmu. Gidan BBC na Ingila suna da wani shiri mai suna Doctor Who da aka fara tun 1963, kuma su ma a shekarun 1960 da 1970 sun yi irin gangancin da ake yi, suna goge tsofaffin kaset su ɗauki sabon shiri a kai saboda kaset na da tsada a lokacin, har kashi da yawa na shirin suka ɓace. Amma da yake sun riƙa sayar wa gidajen talbijin na ƙasashen waje kwafi a kan fim, sai masoyan shirin suka ƙi haƙura, suka yi ta bin sawu ƙasa ƙasa. A 2013 aka ba da sanarwar cewa wani Bature mai suna Philip Morris ya gano gwangwanayen fim ɗin a ɗakin ajiyar wata tashar talbijin a Jos, a ciki har da kashi 9 da aka daɗe da cire rai da su, na wajajen 1967 da 1968. Aka kai su Ingila aka wanke aka gyara hoto da murya, aka fito da su kasuwa a shagon intanet na iTunes sannan a faifan DVD, tsofaffi da jikokinsu suka sa kuɗi suka saya. To a wannan garin na Jos ɗin ne fa aka riƙa yin wasan Karkuzu. Mutum ya taso tun daga Turai neman nasu har ya samu, mu namu da aka yi a gida da harshenmu sai gutsure gutsure a wayoyin mutane.

Kuma kada wani ya ce ai wannan sai Turawa, an yi da namu ma an gani. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, shekara da shekaru ana jin sunansa kawai ba a ganinsa, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar hukumar finafinai ta Najeriya, cibiyar finafinai ta Arsenal da ke Jamus ta sa hannu aka gyara shi tsaf, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Kenan abu ne mai yiwuwa in an sa kai. Sai dai ni tambayata ita ce, tunda an gyara, me zai hana a kawo shi inda ɗan Funtuwa ko ɗan Maraɗi zai iya saya ya kalla a ɗakinsa, ai don su aka yi shi tun farko.

Abun da mutane da yawa ba su gane ba shi ne kaset yana mutuwa. Ba kaman littafi ba ne da za ka jefa a adaka ka dawo bayan shekara 50 ka karkaɗe ka karanta. Zaren kaset ɗin bidiyo roba ce da aka shafa wa wani sinadari mai riƙe hoto, zafi yana lalata shi, laimar damina tana sa ya yi fumfuna ya manne da juna, ƙurar hunturu kuma in ta shiga sai ta kankare shi lokacin da ake kunnawa. Ga kuma matsalar na'ura, irin su U-matic da Betacam da gidajen talbijin suka yi aiki da su an daina ƙera su, ko bidiyon gida na VHS kamfanin ƙarshe da ke yinsa, Funai na Japan, ya tsaya tun 2016. Masu gyaran nasu ma da suka san cikinsu tsufa suke yi. Kenan ko kaset ɗin yana nan lafiya lau a kan kanta, in aka ƙara sakaci za a wayi gari ba abun da zai karanta shi.

Su kuma masu wasan suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Usman Baba Pategi wato Samanja ya rasu a 2023, Allah ya gafarta musu baki ɗaya. Duk mun ga yadda wasu daga cikin dattawan nan suka ƙare rayuwarsu cikin jinya sai an yi musu yekuwar neman taimako, alhali mutane ne da suka yi shekaru suna sa gari guda dariya a dare ɗaya. Da a ce an fito da aikinsu da kyau ana sayarwa ana ba su kasonsu, ko yanzu a ba iyalansu, ai da ya fi wannan taimakon na rana ɗaya daraja, don shi haƙƙinsu ne guminsu ne.

Ni ba daɗin dariyar kaɗai nake ji wa ba. Duk wanda ya kalli wasannin nan zai ji Hausar da yanzu ta yi wuya a bakin yaranmu, karin magana a mazauninsa, yadda yaro ke durƙusawa ya gaida babba, yadda ake ciniki a kasuwa da kwabo da sule, ɗinkin riguna, ɗaurin kallabi, titunan Kaduna da Kano kafin su cika. Hausar barikin soja da Samanja ke yi ma ai tarihi ce, haka sojoji da yawa suke magana a lokacin. Ɗalibi mai nazarin Hausa a jami'a zai samu abun rubutu a nan fiye da yadda ake zato. Haka finafinan farko farko na Kano tun daga Turmin Danya na 1990, su ma a kaset aka yi su, su ma suna cikin wannan haɗarin.

Na san za a ce mutanenmu ba sa sayen abu, kana fitarwa yau gobe an tura wa duniya kyauta. Gaskiya ne akwai wannan, ba zan musa ba. Amma ai yanzu ma kyautar ake kallo, lalataccen kwafi, kuma ba mai samun ko sisi sai wanda ya ɗora. In gidan da ya mallaki shirin ya buɗe tasharsa ta YouTube ya sa mai kyau cikakke daga farko har ƙarshe, da sunayen 'yan wasa da shekarar da aka yi, da fassarar Turanci ko Faransanci a ƙasa saboda 'ya'yanmu na Kumasi da Yawunde da waɗanda aka haifa a Turai, wa zai bar wannan ya koma wa mai hazo? Ga kuɗin talla, ga tashoshin tauraron ɗan'adam na Hausa da za su iya saye su riƙa sawa ko sau ɗaya a mako, kamfanonin da ke ɗaukar nauyin shirye shirye da azumi su ma za su shigo in sun ga jama'a na kallo. Roƙona kawai kada a ce za a gyara a je a cusa kiɗan zamani ko a yanke wani wuri, a bar shi yadda masu shi suka yi shi, a share dattin kawai.

Don haka ina kira ga NTA Kaduna da NTA Jos da ARTV Kano wadda muka sani da CTV a da, da Rediyon Tarayya na Kaduna saboda wasannin rediyo, su buɗe ɗakunan ajiyarsu a ƙirga abun da ke ciki a rubuta, a fara juyar da waɗanda suka fi tsufa zuwa kwamfuta tun kafin a zo maganar sayarwa, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, misali Gidan Arewa a Kaduna da ma'ajiyar finafinai ta ƙasa da ke Jos. Gwamnonin Arewa da masu hannu da shuni su sa kuɗi, aikin nan bai kai kuɗin kwalta kilomita kaɗan ba a ganina.

Sai mu kuma jama'ar gari. Akwai gidaje da yawa da iyayenmu suka riƙa ɗaukar shiri daga talbijin a bidiyonsu, kaset ɗin suna nan a buhu a sito ko ƙarƙashin gado. Shi wancan shirin na Ingila da na ambata, muryoyin kashin da suka ɓace ma ai a wajen masu kallo aka same su, waɗanda suka riƙa ɗauka da rakoda a gida. Don Allah duk mai irin wannan kaset kada ya zubar ko ya ba yara su warware zaren, kada kuma ya cusa shi a tsohuwar na'ura mai datti don gwaji, ya jera su a tsaye a wuri mai sanyi nesa da rana da laima, ya rubuta abun da ya tuna yana ciki a jikin kwalin. Ni ma na samo guda bakwai a akwatin Baba, na goge su na ajiye, biyu a ciki da rubutun hannunsa, ina jiran ranar da za a ce ga inda za a kai.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Mai karatunku daga Zariya